Ƙwaya ɗaya cikin tara

Ina tsugune ina kewaye ɗan tsirona da ƙaya saboda awaki, sai ga Baba ya shigo.

Bishiyar bakin teku ce mai fure ruwan ɗorawa. Yayana direba ne ya tsinto min ƙwaya tara a Badagiri, a tafiyarsa ta ƙarshe kafin Allah Ya yi masa rasuwa. Takwas sun ruɓe. Ta ƙarshen na kankare bawonta da wuƙa, na jiƙa ta kwana biyu, na shuka a yashin rafi da taki. Sai bayan sati biyar ta leƙo.

Baba ya ce, "Hauwa, wannan ta saba da iskar teku. Ranin Birnin Gwari zai ƙone ta, ki sake wani kukan."

Na ce, "Baba, ko ruwan shana ne zan raba da ita."

Da la'asar sai na gan shi yana kafa mata rumfar zana da hannunsa.

In sha Allah sai ta yi fure a gidan nan. Wanda ya taɓa raya irinta a Arewa, don Allah ya koya min.