Laujen da Mato Ya Ajiye a Ƙasa

Na daɗe ina sayar da shayi a gefen maƙerar Mato a kasuwar Gadarif, har hayaƙin gawayinsa ya zauna min a ƙirji. Gajeren mutum ne mai nauyin baki, gaisuwa ma sai ka ja ta. Amma laujen yankan riɗi in ba nasa ba ne, 'yan ƙwadago ba sa ko kallonsa.

Yana da wata ɗabi'a da ya gada daga ubansa. Ba ya miƙa wa mutum lauje hannu da hannu. Sai ya ajiye a ƙasa, mai saye ya sunkuya ya ɗauka. Na sha tsokanarsa, "Kai Mato, ƙyamar hannun mutane kake?" Sai ya ce, "Zaituna, ji da butarki. Ni na ƙera, shi ya ɗauka. Abin da ya biyo baya nasa ne."

Ɗa ɗaya Allah ya bar masa, Osman. Kakar bara yaron ya tafi Basunda yankan riɗi. Riɗi kuwa ba ya jiran kowa, in ya bushe sai ya fashe ya zube, shi ya sa kowa da layinsa da ake biyansa a kai, kowa idonsa ja. A can akwai wani Bahabashe Kirista, Tesfay, kwano ɗaya suke ci da Osman. Rannan Tesfay ya ratso cikin layin Osman. Aka yi cacar baki, lauje na hannu. Tesfay bai kai asibiti ba.

Osman ya gudo maƙera kafin 'yan sanda su cim masa. Ina wanke kofuna na ji shi da kunnena yana kuka, "Baba, a kan layi ne, wallahi a kan layi ne kawai."

Kafin mako ya zagayo labari ya canza riga. Mutanen Tesfay suna cewa addininmu ne ya koya mana kisa. Namu kuma, kaico, suka ce ai Tesfay ne ya zagi addini. Ƙarya biyu, gawa ɗaya! Dattawan unguwa suka zo maƙera, Hajj Lawal a gaba. Ya ce, "Ya Mato, ka ce yaron ya gaya maka Tesfay ne ya zagi addini. Shaidu muna da su, unguwa duka tana bayanka, a samu sassauci." Ummusalama, uwar Osman, ta durƙusa cikin toka ta riƙe ƙafar mijinta. Ni ma, Allah ya sani, so na yi ya yarda.

Mato ya zaro sabon lauje ya ajiye a ƙasa tsakaninsu.

"Bismillah, Hajj. Ce wa addini ya ɗauka."

Babu wanda ya motsa.

"Tun ina yaro nake ajiye su," in ji Mato. "Ban taɓa ganin sallah ta sunkuya ta ɗauki lauje ba. Hannu ne ke ɗauka. Wannan hannun kuwa ni na haife shi, ba zan rataya wa Allah laifinsa ba."

Abin da ya ji shi ya faɗa a gaban alƙali. Aka yanke wa Osman shekarun da Mato ba zai ga ƙarshensu ba. Ummusalama ta kwashe kayanta ta koma wurin yayanta a Fau. A masallaci ma, wasu sun daina matso masa a sahu.

Duk Juma'a nakan tuƙa masa tuwon dawa ya kai gidan yari. A kira Osman, Mato ya ajiye kwanon a ƙasa yadda hannunsa ya saba, ya ja baya. Jiya da ya dawo na zuba masa shayi, na ce, "To, ya ɗauka?"

Ya kurɓi shayin.

"Bai ɗauka ba, Zaituna," ya ce. "Sati mai zuwa ki ƙara masa miya."