Ɗan Gauraka a Kwando, daga Ollelewa zuwa Tarka

Maigidana ya shigo mini da ɗan gauraka, wai adon gida ne, manyan mutane ke ajiye shi. Tsuntsun ya ƙi taɓa gero, sai kuka, wuya na lanƙwashewa. Ni ban ga ado a abin da ke mutuwa a tsakar gidana ba. Na tambayi inda aka ɗauko shi, aka ce tafkin da hukuma ta killace a kwarin Tarka. Na ce can zai koma.

Ollelewa zuwa Tanut

Bayan sallar asuba na sa shi a kwando, na rufa tsohon zane, na hau motar ƴan kasuwa.

Direba ya ce, "Inna, kaza ce?"

Na ce, "Ja motarka, yaro."

A tashar Tanut na sha fura, na ɗiga masa ruwa a baki. Sai hantsi motar Belbeji ta cika.

Shingen Belbeji

Nan aka tsayar da mu. Jandarma biyu da malamin daji ɗaya, kuma wanda aka kama da tsuntsun daji, ɗan fatauci ake ɗaukarsa. Suna cikin duba katin mutane, kwandona ya kwarma kuka.

Malamin daji ya ce, "Hajiya, sauko. Wa za ki sayar wa?"

Na ce, "Mai sayarwa Damagaram yake nufa, inda masu kuɗi suke. Dubi inda motar nan ta sa gaba."

Na gaya masa tafki zan mayar da shi. Sai ya ce in hau bayan babur ɗinsa, ya gani da idonsa.

Tafkin

Bayan azahar muka isa. Bado ya rufe ruwa da fararen furanni, ga kaba da gawo a gefe, dinya da balbela sun cika bakin ruwa, guza ya tsallake gabanmu. Can cikin ciyawa manyan gauraki suka amsa kukan nawa. Na kama bakin zane zan buɗe, malamin ya riƙe kwandon.

"Tsaya, Hajiya." Ya ware fiffiken. An datse gashin da almakashi. "Kika sake shi haka, dila zai cinye shi kafin magariba."

Ya sa shi a wani keji na kara kusa da bukkarsu, ya kamo masa fara. Ya ci! Malamin ya ce sai sabon gashi ya fito zai tashi. Ya ƙara da cewa masu kwasar nan ba sa ɗaukar ɗaya, duk sheƙar suke sharewa.

Na kwana gidan wata ƴar uwa a Belbeji, na iso gida lafiya, Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa malamin nan.

Da gari ya waye na nufi gidan wanda ya sayar wa maigidana tsuntsun, na tsaya a ƙofa na ce a fito mini da sauran.