Katin Asibitin Motar Rufus

Rufus ya shekara ashirin da biyu yana tuƙi a gidan soja. Da ya ajiye aiki sai ya sayi tsohuwar motar soja a gwanjo, yana kwaso wa manoman Taloka albasa zuwa Wurno. Aibinta ɗaya ne: yau ta tashi bugu guda, gobe ta ƙi. Ya canza batir, ya kwance kik, abin da ke tada inji, sau uku, duk a banza. Manoman suka ce in ta sake barin albasarsu a rana, za su nemi wani direba.

Matarsa Elisabatu, malamar asibiti, ta ce, "Baban Winnie, mi ya hana ka buɗe mata kati kamar majinyaciya?"

Ya yi dariya, amma ya riƙa rubuta inda motar ta kwana da yadda ta tashi kowace safiya. Cikin safiya talatin ta ƙi sau bakwai, kuma duk bakwai ɗin a gangare ta kwana, kanta na duban sama. Ashe tiyon mai ne ya tsage, iska na shiga, gas yana komawa tanki.

Ya sa sabon tiyo ɗan taƙi guda. Yau safiya ɗari da sha huɗu ba ta ƙi ba, kuma albasar Taloka shi ke ɗauka. Elisabatu ta rubuta a katin: an sallame ta.