Daffaya Ba Ta Dafa Komai

Tun kafin sanyin 2012 ya kankama, abu ɗaya ke hana ni sukuni: kada gas ya ƙare mini da yaro a hannu. Lokacin na fara ba shi kunu, kuma shi bai san uzuri ba. Mai sayar da anbuba, tukunyar gas ke nan, wanda ke bin layinmu a unguwar Hayyin Ashir, can Masar, yana ƙwanƙwasa ta da sifana, ya yi ɓatan dabo. Kullum da safe sai na girgiza tamu, na kara kunne kamar mai sauraron cikin mara lafiya.

Maigidana ɗalibi ne, amma in ya taso karatu yana taya wani tsohon makanike Bamisire aiki. Usta suke ce masa. Shi ba ya taɓa mota sai wadda ta girmi mai ita.

Ran nan ya bugo waya. "Ki share mana saman bene, zan taho da daffaya."

Larabcina a lokacin bai wuce yalla da ma'alish ba, amma wannan kam ai Hausa ce tsantsa. Daffaya, abin dafawa. Na ce, "Malam, da gas take aiki?"

"A'a, fetur."

Na yi hamdala. Ɗan gas ɗin da nake ta lallaɓawa na sakar masa wuta. Na dafa wake, abin da na daɗe ban kusanta ba, na tafasa ruwan wanka har tukunya biyu. Wutar ta yi ja, ta yi tari, ta mutu. Ko a jikina.

Da la'asar na goya yaron, na ɗauki tukunya da gasarar kunu na hau sama. Na tarar da shi tsugune gaban wani ƙarfe kamar guntun bututu, ya ɗora shi kan bulo biyu, ga batirin mota, ga fetur a gora da siririn tiyo. Na zagaya abin ina neman inda ake ɗora tukunya.

"Ina bakin murhun?"

"Wane murhu?"

"Na daffayar."

Ya dube ni, ya dubi tukunyar. Sannan a hankali, irin muryar da ake gaya wa mutum rasuwa, ya ce abin ɗumama mota ne. Daga cikin wata tsohuwar mota aka ciro shi, irin mai ƙusumbin nan da muke ce wa kunkuru a gida. Mai ita dattijo ne, gwiwoyinsa ba sa son sanyi. Usta ya ce a gwada a fili saboda shagonsa ba iska.

"To, gas fa na ƙarar," na ce.

"Duka?"

"Kai ka ce daffaya."

Ya koma kan aikinsa, don shi mutum ne da in magana ta fi ƙarfinsa sai ya nemi sukundireba. Ya kwance fulogi, baƙi ƙirin, ya goge shi. Ya hura wata 'yar ƙofar mai da ta toshe. Ya haɗa waya, wani abu ya fara ƙyas, ƙyas, ƙyas, fanka ta juya, sai bum. Hayaƙi ya turnuƙe, tantabarun maƙwabta suka watse, ni kuma na tsinci kaina bayan tankin ruwa ina salati, tukunya a ka.

Can hayaƙin ya washe. Ya kai hanci bakin da iska mai zafi ke fitowa yana shinshinawa. Ya ce in da warin salansa a nan, cikin ya tsage ke nan, kuma mai mota zai yi barcin da ba tashi. Babu wari. Sai murna yake, ni ko ina kallon gasarata.

Kunya ta sa ya karɓi tukunyar, ya zuba ruwa, ya riƙe ta a bakin iskar. Haka ya tsaya, ɗalibin fiƙihu guda, yana jiran ruwa ya tafasa. Ruwan ya yi ɗumin da za a yi alwala, daga nan ya ƙi gaba. Yaron ya fara kuka.

Maƙwabciyarmu Hajiya, Bahaushiyar Sudan, ta hawo kwashe shanya ta same mu haka.

"Malam, shayin aljanu ake dafawa?"

Da ta ji labari sai da ta zauna kan bokiti don dariya. "Kalas, ya isa haka, 'yar nan, share hawayenki. Ni da na zo, ce mini aka yi a kawo aish, na dafa shinkafa, ashe burodi ake nufi." Ta sauka ta hawo da murhun gawayinta. Nan muka dama kunun, yaron ya sha yana miƙa ƙafa wajen iskar daffayar dattijo, har ya yi barci da cokali a baki. Da murhun nan muka rayu sai da anbuba ta samu.

Roƙona ga mazan da ke kawo matansu Masar: in za ku zo da wani abu gida, don Allah ku faɗi sunansa da Hausa, ku kuma faɗi aikin da yake yi.