Andrawus Mai Kukan Wasa

A kasuwar Wunti, layin teloli, akwai wata rumfar kwano da ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Nan Andrawus ya shekara arba'in yana gyaran keken ɗinki. Mutumin Bogoro ne, ya shigo Bauchi yana saurayi a shekarar da garin ya zama babban birnin jiha. Siriri ne mai ƙaramar murya. In aka kawo masa keke sai ya kara kunne ya juya shi sau biyu, ya faɗi ciwonsa kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya. Amma ba da wannan aka fi saninsa ba, da kallon wasan kwaikwayo aka san shi.

Wani tela ne ya fara jansa, wata Asabar bayan la'asar, zuwa zauren taron wata makaranta. Ƙungiyar wani malamin firamare mai suna Ja'afaru ce ke wasa. Labarin wata mata ne da mijinta ya rasu, ƙaninsa ya ƙwace mata gona. Tsakanin fitowa da fitowa mata shida ke rera waƙa, kalangu da garaya na bin su. Andrawus bai taɓa ganin irin wannan ba. Da aka zo gaban alƙali, mai shaidar zur ya dafa ƙirji yana rantsuwa, Andrawus bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Ƙarya yake yi, ranka ya daɗe! A gabanmu aka tsara maganar!"

Zauren ya kece da dariya, alƙalin kansa ya rufe baki da hannun riga. Andrawus ya zauna cikin kunya, amma da matar ta fara waƙarta ta ƙarshe hawaye ya wanke masa fuska, bai ko share ba.

Daga ranar ba a sake buɗe labule a Bauchi babu shi ba. In matan sojoji sun shirya wasan Kirsimeti a barikin Shadawanka, yana can. In ƙungiyar Ja'afaru ta kai wasa ƙauyen Miri bayan girbi, zai hau kekensa ya riga motarsu isa. Layi na uku yake zama, gefen hagu, don a cewarsa daga nan ake ganin ƙafafun 'yan wasa, kuma a ƙafa ake gane wanda ke jin tsoro. Ba yabo kawai ya iya ba. Yakan tare Ja'afaru a bakin ƙofa ya ce, "Malam, makaɗinka ya yi gaggawa. Bai bar matar nan ta haɗiye kukanta ba ya shigo." A wasa na gaba kuma Ja'afaru ya gyara. Ya sha faɗa a gaban mutane cewa ta kafar labule yake leƙen fuskar Andrawus, in ya ga ido ya kaɗa ya san wasa ya yi. Sau biyu yana masa tayin hawa dandamali, sau biyu Andrawus na ƙi.

"In na hau, wa zai kalla?" in ji shi.

Matarsa Roda ba ta son cinkoso, ba ta cika binsa ba. A gida take ganin nata wasan. Yana dawowa zai tsaya tsakar gida ya yi mata alƙali, ya yi mata ɓarawo, ya rera waƙoƙin da muryarsa da ba ta da daɗi ko kaɗan. Ita tana tsince shinkafa tana cewa, "Baban Felicia, tuwonka zai huce." Amma in ya tsallake wani wuri sai ta ɗago ta ce, "To ita yarinyar fa, ina ta shiga?"

Sai bidiyo ya shigo. Mutane suka koma ɗaki suna kallo a akwatin talabijin. Zauren makarantar aka cika shi da buhunan taki, wani zauren kuma ya koma wurin liyafar biki. 'Yan wasan suka watse, Ja'afaru ya bar koyarwa ya koma shirya gajerun wasanni na wayar da kai a otal-otal, inda sai da kati ake shiga. Teloli suka yi ta kunna wa Andrawus kaset, ya ɗan duba ya kau da kai. Ya ce waɗannan ko ka mutu a gabansu ba za su sani ba.

A cikin waɗannan shekarun Roda ta kwanta ciwo. Wata bakwai yana jinyarta, shi ke juya ta, shi ke wanke ta. Ranar da aka binne ta ya tsaya bakin kabari idonsa a bushe ƙamas. Ya nemi kukan ya rasa, ƙirjinsa kamar an ɗora masa kan keken ɗinki. Dangin Roda suka gani, maganar ta zaga har kasuwa: mutumin da ke yi wa matan ƙarya kuka bai zubar wa tasa ko ɗigo ba. Maganar ta iso kunnensa. Mutum ɗaya ya buɗe wa cikinsa, Ja'afaru, da ya zo gaisuwa rana ta uku. Ya faɗa masa yadda yake zama gefen gadonta yana matse ido, abin ya ƙi zuwa. Ja'afaru ya riƙe hannunsa yana ta ba shi haƙuri.

Bayan shekara shida, katin gayyata ya zo rumfa. Ƙungiyar Ja'afaru za ta sake hawa dandamali don tunawa da kafuwarta, a wani otal a GRA, ƙarfe huɗu na yamma. Andrawus ya kwana biyu yana murna kamar an yi masa haihuwa. Ya sa 'yarsa Felicia ta goge masa farar kaftani, ya tafi tun ƙarfe uku. Layukan gaba na manya ne, aka nuna masa wata kujera can tsakiya. Bai damu ba. Da ya ji an kaɗa kalangu, tsikar jikinsa ta tashi.

Wasan a kan tarihin ƙungiyar ne. Ana cikin yi sai wani ɗan wasa ya fito daga cikin masu kallo, siriri, da gwangwanin man keke a aljihu da tsumma a kafaɗa, yana ihu da ƙaramar murya wai shaida ƙarya yake yi. Zauren ya ɗauka. Andrawus ma ya yi dariya, har ya ji daɗi an tuna da shi. Mutumin ya yi ta kuka a kowace fitowa, ya yi wa akuyar da ta ɓata kuka, ya yi wa tulun da ya fashe kuka. Sannan aka shigo da gawa a lulluɓe, aka ce matarsa ce. Ya zauna gefenta yana matse ido, yana ƙiƙƙiftawa, yana lakatar yawu yana shafawa a kumatu. Daga ƙarshe ya juyo ya ce, "Jama'a, a kira makaɗi mana, ba na iya yi babu kalangu!"

Mutane har da buga ƙafa. Wata mata kusa da Andrawus ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Shi kuwa ya kafa wa dandamalin ido. Abin da ya fi ci masa rai, ɗan wasan ya iya. Ya san inda zai dakata, ya san inda zai saki magana, ƙafafunsa ba sa rawa.

Da aka gama Ja'afaru ya karɓi lasifika, ya ce mai abin yana nan, a tafa masa. Aka juyo ana nema. Andrawus ya miƙe, don bai iya ƙin miƙewa ba, aka tafa, wasu na ɗaukarsa hoto da waya.

A bakin ƙofa Ja'afaru ya tare shi, fuska cike da fara'a. "Baba Andrawus, yaya ka gani? Ina ta leƙenka."

"Wasa ya yi, Malam," in ji Andrawus. "Sai dai zancen zama gefen gadonta, ni da kai ne kaɗai a ɗakin da na faɗa."

"Haba, raha ce kawai. Ai karramawa ce, sunanka ya shiga tarihi."

"Sunanta Roda. Ko sunan ba ku ba ta ba."

Ja'afaru ya buɗe baki, sai wani babban mutum ya dafa kafaɗarsa, ya juya yana gaisawa. Andrawus ya fita ya tari ɗan acaɓa.

Hoton ya yawata a wayoyin kasuwa. Makonni da dama teloli na wucewa ta gaban rumfarsa suna cewa a kira makaɗi. Ba da mugunta suke yi ba, shi ya sa ma babu wanda zai yi wa faɗa. Ja'afaru ya aiko masa da shadda yadi biyar, ya bar ta cikin ledarta a ƙarƙashin benci har ɓera ya ci gefenta.

Ya ƙara shekara huɗu a Wunti kafin idonsa ya gaza zura zare, ya koma gidan Felicia a Yelwa. Duk Kirsimeti matasan cocinsu na yin wasa, jikokinsa biyu na ciki. Felicia takan roƙe shi, "Baba, ko sau ɗaya ka zo ka gan su." Yakan ce ƙafa ke damunsa. In an tafi ya jawo kujera bakin ƙofa, kiɗan na iso shi daga nesa, yana zaune yana jiran su dawo ya ci abinci.