Ɗan Gidan Wa Ne Kai?

A tashar motar Ibeto, Salihatu ta kasa ɗauke ido daga wata dattijuwa da ke zaune kan buhun masara tana ɓare gyaɗa. Wayarta ƙarama ce mai maɓallai, an ɗaure murfinta da roba. Tana yin ƙara ta kara ta a kunne.

"Daga banki? To, ɗan gidan wa ne kai?" Ta ɗan saurara. "Lamba kuma? Yaro, ban san ubanka ba." Ta kashe abinta.

Wataƙila a garinsu ko allura ba a ba mutum aro sai an san gidansu. Ita kuwa Salihatu, da ta gama jami'a bana, murya mai ladabi kawai ta ji a waya kwanakin baya, ta karanto lambobin da aka turo mata. Tun ranar wani ke roƙon danginta kuɗi da sunanta a WhatsApp, kuma har yau kawunta bai yarda ba ita ba ce.

Ga kawun ma yana kira, wayar na rawa a cinyarta.

"Ɗauki mana, 'yata," in ji dattijuwar. "Ai waya ba ta cizo."

Salihatu ta yi murmushin yaƙe. Da ma a ce bakinta ne ke iya faɗin haka.