Sai Lamba Ta Bushe

Jiya ina shafa wa ɗiyata mai a kafaɗa, ita ma yanzu da furfurarta, sai yatsana ya taɓa tabon lamba a damtsenta. Na tuna tsohon likitan da ke zuwa Kore Mairuwa ran kasuwa, farkon samun mulkin kai.

Ya san halin matan garinmu. In an tsaga wa yaro lambar agana, sai a zagaya bayan rumbu a goge da lemun tsami, wai kada hannu ya kumbura. Shi ya sa ba ya sallamar kowa sai ta bushe. Ranar ya karɓi ɗiyata, ya ɗora ta a cinya ƙarƙashin gawo, yana hura wurin a hankali, rigarsa na warin magani da goro.

Na ce, "Baba, gero na jirana a turmi."

Ya ce, "Gero shi jira, ɗiyata."

Da rani agana ta shigo unguwarmu, ta kwashi yara. Tawa ko zazzaɓi ba ta yi ba.

Ran da aka ce ya rasu ban yi kuka ba, daka nake, na ci gaba. Jiya ma ban yi ba. Allah shi zaunar da shi a inuwa.